Daga Majigi Zuwa Kaset: Hotunan da Muke Kewa da Waɗanda Muke Asara

 

Kwanakin baya na je gaida kakata, wadda rashin tsaro ya taso daga ƙauyensu na ƙasar Faskari ya dawo da ita Funtuwa. Cikin 'yan kayan da ta tsira da su akwai hoto guda ɗaya, baƙi-da-fari, gefensa duk ya cinye. Kakana ne a tsaye cikin babbar riga, ya dafa keke, ga rediyo a kan ɗan tebur kusa da shi. Ta ce keken nasa ne, amma rediyon na mai hoto ne, duk wanda ya zo shi ake ajiye masa. Sauran hotunan gidan, na biki da na suna da na Sallah, suna cikin akwatin da aka baro a ƙauye.

Ni ban ga wancan zamani ba. Na buɗe ido ne na tarar kaset yana ban-kwana, faifan sidi yana shigowa. Amma duk lokacin da wani ya ɗora tsohuwar talla ko guntun wasan Samanja a Facebook, sai ka ga mu 'yan bana-bakwai mun fi kowa rububin cewa "Allah sarki da!" Wannan ya sa na ga ya dace mu bi sawun abin da muke kewar, mu san daga ina ya fito.

Hoto mai motsi ya fara shigowa ƙauyukanmu ne ta majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin. Mota ce za ta zo da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, in dare ya yi a haska, wani yana bayani da Hausa ta lasifika. Abin da ake nunawa ya shafi tsafta da rigakafi da noma, sai labaran manya. Fim ɗin da dattawa suka fi ambata shi ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, musamman auduga. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin yankinmu ƙasar auduga ce: tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari, ga injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Wato fim na farko da kakanninmu suka kalla talla ce ta gwamnati, an yi ta ne don su noma abin da masaƙu ke buƙata.

Talbijin ta zo Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA. A nan ne aka san Usman Baba Pategi da Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero a Karambana da Magana Jari Ce, da Karkuzu na Bodara daga Jos. A garuruwa irin Ƙanƙara da Sabuwa, waɗanda suka gani sun ce gidajen da ke da akwatin talbijin ana iya ƙirga su da yatsu. Sai a ɗaure eriya a kan dogon gora, in babu wuta a jona batirin mota, yara su cika tsakar gida suna leƙe ta taga. Rediyon Kaduna ce ta fi isa ko'ina, kuma ta nan yawancin tallace-tallace suka shiga bakin mutane, har da waƙoƙin wayar da kai na komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973.

Tsohuwar talla tana da daɗin kallo, amma marubuci ya kamata ya karanta ta kamar takardar shaida. Tallar Omo ko Bournvita tana nuna iyali a gidan siminti, da famfo da wutar lantarki, alhali mai kallon daga rijiya ya ɗebo ruwa. Tallar atamfa kuwa tana tuna mana lokacin da audugar Faskari ke zama yadi a masaƙun Kaduna, irin su KTL da aka buɗe a 1957 da Arewa da UNTL, waɗanda suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Haka tallar Peugeot 504, motar da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Duk wanda zai rubuta labarin da ya faru a waɗannan shekaru, a irin waɗannan tallace-tallace zai ga abin da budurwa ke buri a saka mata a lefe, da motar da ake auna arzikin mutum da ita.

Sai zamanin kaset ɗin bidiyo, wanda shi ne yayyenmu da iyayenmu mata suka fi kewa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Shekarun da suka biyo baya littattafai suka riƙa komawa fim: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ki Yarda Da Ni na Anti Bilkisu Funtuwa. Daga nan Sangaya da Wasila suka zo suka cika gari da waƙa. Ana hayar kaset a shago a kwana da shi, mata su taru gidan mai janareto, in kaset ya naɗe a cikin inji a zaro a hankali a murza shi ya koma. Kuma kada mu manta, mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a watan Maris na 1999 ta kuma zama babbar ma'ajiyar tarihin wannan sana'a, ɗan ƙasar Faskari ne ya kafa ta, wato Malam Ibrahim Sheme. Yau in ana son ganin fuskar Balaraba Muhammad ko Ahmad S. Nuhu ko Hauwa Ali Dodo ko Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙan su, a lokacin da tauraruwarsu ke haskawa, tsofaffin kwafen mujallar na cikin wuraren da ake komawa. Abin da aka buga a takarda ya fi kaset ɗin kansa daɗewa.

Hoton kati shi ma yana da nasa tsarin. Ranar Sallah mai hoto zai zagaya da kyamara a wuya, fim ɗaya hoto 36, sai ya cika sannan a kai birni a wanke. Kana iya jira mako guda, ka karɓa ka tarar idonka a rufe, kuma haka za ka biya. Saboda tsadarsa ba a ɗaukarsa da wasa. Ana yin wanka a sa kayan da suka fi kyau, a tsaya a ƙame. A Bamako ta ƙasar Mali, masu hoto biyu, Seydou Keita da Malick Sidibe, irin wannan aiki suka yi, har da aron rediyo da agogo ga mai ɗaukar hoto. Bambancinsu da namu shi ne sun adana nagatif ɗinsu. Yau hotunansu suna manyan gidajen tarihi na duniya, kuma a 2007 an ba Sidibe babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na birnin Venice.

To mu fa? Ka rubuta "Kankara" a intanet ka ga abin da zai fito. Hotunan daren 11 ga Disamba 2020 ne da kwanakin da suka biyo baya, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Faskari da Sabuwa ma labarin hari ne ke fara bayyana. Abin ya faru, ba za a ɓoye shi ba. Amma yaron da aka haifa yau zai tashi ya ɗauka haka garinsu yake tun asali, in har bai ga hoton cikar kasuwar Sheme ba, ko na ranar awon auduga, ko na hawan Sallah a ƙofar gidan hakimi. Waɗannan hotuna suna cikin akwatunan da ake barowa, gara da damina suna cin su. Waɗanda ke cikin waya ma ba su tsira ba: waya tana ɓata, memori yana lalacewa, kuma a watan Satumba na 2021 mun ga yadda aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumominmu na tsawon watanni.

Duk da haka abin da aka fid da rai da shi yana iya dawowa. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. Daga baya aka gano naɗinsa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi, aka haska a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya dawo ne saboda wasu sun tashi sun nema.

Shawarata gare mu ƙarama ce. Kowa ya nemi tsohon hoto ɗaya a gidansu ya ɗauke shi da waya a wuri mai haske, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sannan ya zauna da dattijon da ya san hoton ya tambaya: su wane ne a ciki, wace shekara, a wane gari, wa ya ɗauka, nawa aka biya? In babu tabbacin shekara, a tambayi abin da ya faru a lokacin, kamar canjin kuɗi ko ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A rubuta yadda aka faɗa, kada a ƙara gishiri. Hoton matan aure kuma kada a watsa shi sai da izininsu. Wanda ya ci karo da tsohon kaset ko mujalla kada ya bari a kunna wuta da su ko a ƙunshe ƙosai.

Na tambayi kakata sunan mai hoton da ya ɗauki kakana. Ta yi shiru jim, ta ce ya shige mata, amma akwai ƙawarta da za ta iya tunawa, tana zaune a Ɗandume. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, can na nufa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Wassalam.