Neman Kujera da Son Aiki: Darasi daga Ƙofar Kware

Ƙofar Kware ta birnin Sakkwato ta samo sunanta daga garin Kware, mazaunin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin ƙorafinsa har da cewa rabon ƙasar da ya samu bayan jihadi bai kai gwargwadon wahalarsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817, sai ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kafin shekara ta zagayo kuwa an ci Kware da yaƙi.

Malaman daular sun riƙi hadisin da ya hana danƙa shugabanci ga mai roƙonsa. Wannan tarbiyya, haɗe da kunya, na cikin abin da ke sa matashinmu sunkuyar da kai gaban masu ɗaukar ma'aikata, ya amsa a taƙaice, su kuwa su zaci ba ya son aikin.

Amma malaman nan sun san Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi kula da taskokin Masar, hujjarsa amana da sani. Abin da suka ƙi kwaɗayin kujera ne. Wanda ya binciki ma'aikata kafin ganawa, ya yi tambaya kan aikin, ya faɗi abin da zai iya gyarawa, bai kauce wa tafarkin magabata ba.