Sawun Da Ke Shafewa Tsakanin Kagara Da Wurno

Kakata ta sha ba ni labarin yadda, tun tana budurwa, suke barin Kagara da asubahi, su bi gaɓar gulbin Rima a ƙafa har Wurno, domin ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837. Guzurinsu fura ce da goro. A kowane zango, dattijuwar ayari takan tsaya ta karanta musu tarihin wurin.

Wannan tafiya tana da tushe. Da ƙafa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Daga baya Bello ya mai da Wurno ribaɗi mai tsare iyakar daula, kuma mata 'yan taru suka riƙa tattaki daga ƙauyuka a ƙarƙashin jajinsu domin ɗaukar karatu wajen Nana Asma'u.

A Jamus, mabiya ɗarikar Furotesta sun sanya alamomi a hanyar da Martin Luther ya bi daga Worms zuwa Wartburg a 1521, har yau matafiya na bin ta. Mu kuwa tamu hanyar a zukatan tsofaffi kaɗai take, ga shi tsoron 'yan bindiga ya hana matasa taka ta.

Kakata ta rasu ban rubuta sunayen zangunanta ba. Biyu kawai nake tunawa. Ya wajaba mu zauna da sauran dattawan Rabah, Goronyo da Wurno, mu rubuta kowane zango tun ana iya tambaya.