Herbert Aptheker da Takardun Baƙaƙen Fatar Amurka

A fagen ilimin tarihi akan raina mai tattara takardu, wai shi kwasowa kawai ya yi ya jera, mai sharhi kuwa shi ne malami. Aikin Herbert Aptheker, wanda aka haifa a Brooklyn a 1915 ya rasu a 2003, hujja ce a kan wannan raini, domin kundin da ya tattara ya fi littattafan da ya wallafa da alƙalaminsa nauyi.

Lokacin da yake ɗalibi a Jami'ar Columbia, ra'ayin masanin tarihi Ulrich B. Phillips ne ke cin kasuwa: wai bayi sun saduda da bauta, iyayengijinsu ma tarbiyya suke yi musu. Phillips ya dogara ne da wasiƙu da littattafan lissafin masu gandaye, wato an saurari mai bulala, an bar mai tabo. Aptheker ya mayar da martani a 1943 da American Negro Slave Revolts, inda ya lissafa tawaye da yunƙurin tawaye kimanin 250. Masu suka sun ce ya ƙirga har da jita-jitar da tsoro ya haifar a zukatan masu bayi, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya.

Kundin da ya fara fitarwa a 1951, A Documentary History of the Negro People in the United States, ya fi ƙarfin irin wannan suka. Fitaccen malamin nan baƙar fata, W. E. B. Du Bois, shi ne ya rubuta masa gabatarwa. A ciki mai karatu zai tarar da takardun koke da bayi suka kai wa hukumomin Massachusetts a shekarun 1770 suna neman 'yanci, a daidai lokacin da Turawan yankin ke kukan zaluncin Ingila. Ga kiran yaƙi da bauta da David Walker ya yi a 1829, ga bayanan tarukan baƙaƙen fata da aka soma a Philadelphia a 1830. Ana iya musun lissafin Aptheker, amma yaya za a yi a ce wanda ya rubuta koke ya yarda da ƙanginsa? Gaskiya ne zaɓen takardun ma hukunci ne, kuma hannunsa ya fi karkata ga muryoyin turjiya. Sai dai takardar da aka buga ta zama ta kowa, har wanda zai karanta ta ya saɓa wa editan.

Siyasarsa ta jawo masa tsada. Ya shiga Jam'iyyar Kwaminis a 1939, jami'o'i suka rufe masa ƙofa shekara da shekaru. A 1957 ya wallafa littafin kare mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Hangare, abin da ba shi da wani uzuri: mutumin da ya ji kukan bawan Virginia ya toshe kunne ga na ma'aikatan Budapest. Duk da haka, da Du Bois zai ƙaura Ghana a 1961, hannun Aptheker ya damƙa amanar takardunsa, shi kuwa ya tace wasiƙun ya fitar da su cikin juzu'i uku a shekarun 1970.