Yadda matan Iran suka rage haihuwa a ƙarƙashin mulkin malamai

A tsakiyar shekarun 1980, macen Iran kan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai a rayuwarta. Zuwa shekarar 2000 lissafin ya sauko kusan biyu. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa ganin saukar da ta kai wannan sauri, kuma abin ya faru ne a inda masu rawani ke riƙe da mulki.

Gwamnatin Sarki Muhammad Reza Fahlawi ce ta fara shirin tsarin iyali a 1967. Juyin juya halin 1979 ya yi awon gaba da shi, don ana masa kallon kayan Turawa. Ana cikin haka yaƙi da Iraƙi ya ɓarke a 1980. Ƙasa na neman sojoji, rabon kayan masarufi kuma da yawan kawunan gida ake yin sa, sai haihuwa ta zama riba.

Ƙidayar 1986 ce ta hana mahukunta barci. Mutane sun doshi miliyan 50, alhali shekara goma kafin nan ba su cika miliyan 34 ba. Yaƙi ya tsotse baitulmali, farashin mai ya faɗi. A 1988 masana suka taru a Mashhad suka fito wa gwamnati a mutum, malamai kuma suka halatta magungunan hana ɗaukar ciki muddin miji da mata sun yarda kuma babu cutarwa. A 1989 sabon shiri ya kankama, yana kira da a ba da tazarar shekara uku zuwa huɗu tsakanin haihuwa, a guji ciki kafin shekara 18 ko bayan 35, a tsaya a 'ya'ya uku. Maganar tazara dai ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san yadda tsofaffinmu ke yi wa mai kwanika faɗa.

Ƙarfin shirin yana ƙauye. An riga an kafa ƙananan gidajen lafiya, kowanne da ma'aikatan da aka ɗauko daga ƙauyen aka horar. Mace ba ta jin kunyar tambayar 'yar garinsu. A wancan lokacin ƙwaya da kwaroron roba kyauta ne, masu shirin aure kuma dole su zauna darasi, ango da amarya, kafin a yi musu rajista. Dokar 1993 ta janye wasu tallafin gwamnati daga ɗa na huɗu zuwa sama.

Amma a ganin mai wannan rubutu, an cika bai wa gwamnati yabon da na mata ne. Haihuwa ta fara sauka tun wajen 1985, kafin shirin ya dawo. Uban da ya ƙi kai 'yarsa makarantar zamanin Sarki ya saki jiki da makarantar jamhuriyar Musulunci. 'Yan matan nan suka yi karatu, suka jinkirta aure, jariransu kuma suka daina mutuwa kamar da.

Daga baya aka koma cizon yatsa. A 2012 jagoran ƙasar, Ayatullahi Khamene'i, ya ce ci gaba da shirin har tsawon wannan lokaci kuskure ne, ya nemi gafarar Allah. Dokar 2021 ta hana rabon maganin kyauta, ta yi alkawarin rance da filaye ga masu haihuwa. Har yanzu lissafin macen Iran bai koma biyu ba.