Rigar nutso mai hana ruwa shiga: amfaninta da matsalolinta

Wannan riga tana rufe mai nutso daga wuya zuwa ƙafa, da roba mai matse wuya da wuyan hannu, ta yadda ruwa ba zai taɓa jikinsa ba.

An fi amfani da ita a arewacin Turai da Kanada, inda ruwa kan yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Iskar da ke cikinta ce ke riƙe ɗumin jiki.

A gulbin Zamfara da ya bi ta Jega, da fadamun Aliero da Maiyama, ruwa ba ya kaiwa wannan sanyi ko da hunturu. Amfaninta a nan shi ne kariya daga ƙazamin ruwa da tsargiya, wadda tsutsarta ke shiga ta fata.

Sai dai tana da tsada ƙwarai, kuma daga ƙetare ake sayo ta. Zafin rana yakan lalata robarta, mai sanye da ita kuma kan galabaita a bakin gulbi tun kafin ya shiga ruwa.

Babban haɗarinta shi ne iska ta taru a ƙafafu, ta juya mutum kai ƙasa, ta cillo shi sama da sauri. Shi ya sa ba a sa ta sai da horo.

Ga jihar da ta ga kifewar jirgin ruwa a Warrah a watan Mayun 2021, rigunan kariya daga nutsewa sun fi ta cancantar kuɗin.