Kurame a Tarihin Ƙasar Nok

Duk wanda ya bi hanyar Kachia zuwa Kwoi zai ci karo da sunayen garuruwa irin su Kurmin Musa da Kurmin Jibrin. Sunayen nan shaida ne a kan abin da ya taɓa lulluɓe ƙasar. Kurmi shi ne duhuwar dogayen itatuwa da ke bin bakin rafi, yana riƙe gaɓa kada ruwa ya zaizaye ta, yana kuma hana idon ruwa ƙafewa da rani. Irin wannan aiki ne itatuwan bakin teku na yankin Neja-Dalta suke yi, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri suna ba kifi wurin hayayyafa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna yadda malalar man fetur ta kashe su a ƙasar Ogoni.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a Nok, daga baya Bernard Fagg ya gane darajar irinsa a farkon shekarun 1940. Masana sun ƙiyasta cewa al'ummar da ta ƙera su ta fara rayuwa a nan wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). To, amma da me aka gasa yumɓun? Da me aka narka tama a Taruga, inda Fagg ya gano wuraren narka ƙarfe? Itace ne da gawayi. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya gano ƙonannun gero da wake da ƙwallayen atili a kufansu, a 2021 kuwa aka tabbatar da burbushin kakin zuma a tukwanensu. Wato dai daji ne ya ciyar da wannan fasaha da ake tinƙaho da ita, ko da yake gumakan kaɗai ake tunawa.

Zuwan jirgin ƙasa Kafanchan a shekarun 1920 ya buɗe ƙasar ga fatake da baƙi, noman citta ya faɗaɗa, gatari ya shiga kurmi. Hukuma ta keɓe gandun daji a Kagoro da Nindam, ta kuma dasa baƙin itatuwan katako a Nimbia, sai dai shuka jeri-jeri ba ta zama kurmi. Yau buhunan gawayi ne jibge a bakin titi suna jiran motocin Abuja.