Masu Zanen Taswira na Barnawa da Cutar Yoyon Ƙwaƙwalwa

A Barnawa, kudu da kogin Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda asalinta ya faro a 1956, ta kafa sashenta na nazarin muhalli, an daɗe ana koyar da safiyo da zanen taswira, sana'ar da a can baya ba ta buƙatar komai face allo mai faɗi, da takarda shara-shara, da alƙalamin Rotring, da reza ta kankare tawada idan hannu ya kuskure. Mai zane na wancan zamani ya san haddin teburinsa, domin ba ya shimfiɗa sabuwar takarda sai ya naɗe ta jiya.

Da kwamfuta ta gaji wannan aiki, sai ta zo da wata illa wadda ido ba ya riskarta, wato manhaja ta ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura don ta nuna hoto, ta gama, amma ta ƙi mayarwa; wannan shi ne yoyon ƙwaƙwalwa. Hoto mai ɗigo 4000 a tsaye da 4000 a kwance, kowane ɗigo na cin bayit 4, yana riƙe kimanin megabayit 64. Idan ɗalibi ya yi ta sake zana shi yana matsowa yana nisantawa, kuma tsofaffin hotunan suna nan maƙale a ƙwaƙwalwa, sai fanka ta hau kuka, linzami ya yi nauyi, a ƙarshe ya ce na'ura ta sandare.

Malaman fannin kwamfuta sun daɗe suna bahasi a kan mas'alar. John McCarthy, a Amurka, ya ƙago hanyar da harshen kwamfuta na Lisp ke share abin da aka daina amfani da shi tun wajejen 1959, harshen Python kuwa, wanda ya fito a 1991, lissafin masu riƙe da kowane abu yake yi, galibi ba ya sakinsa sai babu mai riƙo ko ɗaya. A nan ne sirrin yake, kuma a ganina nan ne ya kamata malami ya tsaya da almajirinsa: Matplotlib, manhajar zane ta Python wadda John Hunter ya fitar a 2003, tana riƙe duk zanen da aka buɗe ta hanyar sashenta na pyplot har sai an rufe shi da gangan, shi ya sa take gargaɗi idan sun haura 20.

Gano illar kuwa tahƙiƙi ne irin na mai safiyo, na awo da haƙuri. A auna ƙwaƙwalwa, a maimaita zanen sau da yawa, a sake aunawa. In adadin yana hawa bai sauka ba, sai a nemi mai riƙon da tracemalloc, wadda ta shigo Python a 2014 tana nuna layin da ya ari wurin. Galibi maganin shi ne a rufe tsohon zane, ko a musanya bayanan hoton da ke kan allo maimakon a ɗora sabo bisa kansa.